Tarihin Izinin Ɗaukar Hoto a Wuraren Tarihi na Kudancin Kano

Yankin kudancin Kano da ya haɗa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa yana ɗauke da garuruwa biyu da mulkin Kano ya juya a kansu, kuma matsayinsu a gaban doka ya sha bamban. A Burumburum, cikin ƙasar Tudun Wada ta yanzu, aka kashe Sarkin Kano Muhammadu Alwali wajen shekarar 1807, bayan an ci shi da yaƙi a Ɗanyaya ya nufi Zazzau, daga bisani ya komo ya yi sansani a garin, inda rundunar masu jihadi ƙarƙashin Malam Bakatsine ta cim masa, kuma da mutuwarsa sarautar gidansu na Kutumbawa ta ƙare. A Bebeji kuwa, ranar 1 ga Fabrairu 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar gari da igwa, kwana biyu kafin birnin Kano ya faɗa hannun Turawan Ingila. Tsohon masallacin Bebeji, wanda takardun gwamnati ke kira masallacin Haɓe, wato na zamanin sarakunan da suka gabaci jihadi, yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa da dokar tarayya ta ba kariya, alhali Burumburum ba ta shiga jerin ba. Mai son ɗaukar hoto a waɗannan garuruwa yana haɗuwa da tambayar da ta girmi kyamara kanta, wato wane ne ke da ikon cewa a kalli wuri, kuma wane ne ke da ikon cewa a tafi da siffarsa wani gari.

Tun kafin a ƙirƙiri hoto a Faransa a 1839, ƙasar Hausa tana da cikakken tsarin da ke iyakance inda idon baƙo zai kai, kuma an gina wannan tsari a jikin gida. Zaure, wato ɗakin shiga da ke fuskantar hanya, shi ne iyakar baƙo namiji, kuma magina kan karkatar da ƙofofinsa biyu don kada wanda ke tsaye a waje ya hango tsakar gida. Bayansa akwai fili, sannan shigifa, wadda ita ce zaure na ciki da dangi da aminai kaɗai ke kaiwa, sannan cikin gida inda mata suke. Sallama ita ce mabuɗin ƙofar farko, kuma tushenta umarnin Suratun Nur ne da ya hana shiga gidan wani sai an nemi izini an gai da mutanen gidan. A gidan sarauta tsarin ya fi haka tsauri, domin ba a isa gaban sarki sai da iso, wato a sanar da zuwan mutum ta bakin bafade har a ba shi damar shiga, kuma a Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarshen ƙarni na 15, saƙo tsakanin waje da cikin gida yana bin hannun jakadu mata. Matafiyin nan Clapperton, da ya ratsa Bebeji a 1826 kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya ga abin da masu masaukinsa suka bari ya gani, kuma abin da ya fita da shi bai wuce rubutu da alƙalami ba, wanda mai karatu zai iya gaskatawa ko ya yi shakka.

Kyamara ta sauya wannan ma'auni ta fuska biyu. Ta farko ita ce hoto yana raba siffar wuri da mai wurin, ta yadda kallon da aka yi wa izini sau ɗaya zai ci gaba da maimaituwa a hannun mutanen da ba su taɓa yin sallama ba. Ta biyu, wadda ta fi nauyi a tarihin Kano, ita ce na'urar ta yawaita ne a hannun waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi. Hafsoshi da jami'an mulki da suka biyo bayan 1903 sun ɗauki ganuwa da ƙofofi da kasuwa da fada a lokacin da babu mai iya ce musu a'a, kuma Sarki Aliyu Babba, wanda aka kama aka kai Yola daga baya Lakwaja har ya rasu a 1926, an ɗauke shi hoto yana hannun masu tsaronsa. Waɗannan hotuna suna da daraja babba ga masanin tarihi na yau, amma ba daidai ba ne a manta da halin da aka ɗauke su a ciki, domin mutanen da ke tsaye a gaban kyamarar ba a tambaye su ba, sunayen mafi yawansu ba a rubuta ba, kuma gilasan da fina-finan an tafi da su Ingila.

Sarakuna ba su daɗe ba suka fahimci cewa abin da ba za a iya hanawa ba ana iya tsara shi. Hawan daba da aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925 taro ne da aka shirya domin a gani, kuma daga wannan zamani hoton sarki cikin alkyabba da rawani, a kan doki ƙarƙashin laima ko a zaune tsakanin hakimai, ya zama wani ɓangare na nuna sarauta. Sai dai iyakar tana nan daram: ƙofar fada da filin hawa a buɗe suke ga mai hoto, cikin gida kuwa a rufe. Har a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Ba'amurkiyar masaniya Heidi Nast ta yi bincike kan matan Gidan Rumfa, binciken da ya fito a littafi a 2005, shigarta ta dogara ne da yardar Sarki Ado Bayero da kuma kasancewarta mace. Abin da ya tsallake wannan iyaka tun da wuri shi ne jirgin sama. Jiragen farko sun sauka Kano a watan Nuwamba 1925, kuma a tafiyarsa ta 1930 zuwa 1931 matuƙin jirgin nan ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki birnin daga sama, hotunan da ke nuna unguwanni da kududdufai da tsakar gidaje a fili, ba tare da ya bi ta kowane zaure ba.

Ana yawan ɗora ƙyamar hoto a Arewa a kan addini kaɗai, kuma wannan bayani bai cika ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda malaman Kano ke karantarwa, ya haramta sassaƙa cikakkiyar surar abu mai rai wadda ke da inuwa, ya kuma sassauta hukunci kan zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda bai wuce karhanci ba. Da kyamara ta bazu, malamai sun yi saɓani, wasu suka haɗa ta da zanen hannu, wasu kuma, irin su Muftin Masar Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i wanda ya rasu a 1935, suka halatta ta bisa hujjar cewa tsare inuwar abin da Allah ya halitta ne, ba ƙirƙirar sura ba. A aikace, fasfon aikin hajji da katin shaida sun sa hoton fuska ya zama abin yau da kullum har a ƙauyuka. Abin lura a nan shi ne babu wani ɓangare na wannan saɓani da ya shafi bango ko ginshiƙi ko ƙofar gari, domin ba su da rai. Abin da dattijon gari ke karewa idan ya ɗaga hannu ya ce a dakata, mutuncin mai sallah ne da suturar mata da alfarmar kabari, kuma waɗannan su ne haƙƙoƙin da ya kamata kowace ƙa'idar ɗaukar hoto ta fara da su.

Doka ta shigo lamarin a ƙarshen mulkin mallaka. A 1943 aka naɗa Kenneth Murray mai binciken kayan tarihi na Nijeriya, a 1953 aka kafa dokar kayan tarihi, kuma a ƙarƙashinta aka fara ayyana wasu gine-gine da wurare a matsayin abin tarihi na ƙasa, ma'ana wurin da ba a rushe shi ko a sauya fasalinsa ko a yi tono a cikinsa sai da yardar hukuma. Gidan Makama na Kano, wanda ake danganta gininsa da Rumfa, ya shiga jerin a ƙarshen shekarun 1950 kuma aka mai da shi gidan adana kayan tarihi, sannan masallacin Bebeji da ganuwar Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina da zanen duwatsun Birnin Kudu duk suka samu wannan matsayi. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ta gaji wannan aiki har yau. Ƙarfin dokar yana kan rushewa da tono da saye da sayarwa da fitar da kaya ƙasashen waje. Ɗaukar hoto kuwa ya fi zama al'amarin ƙa'idar da ma'aikatan kowane gida ke gudanarwa, inda akan bambanta maziyarci da mai bincike da mai shirya fim na kasuwanci, a nemi takarda daga na biyu, a nemi takarda da kuɗi daga na uku. A matakin jiha akwai Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, tsohon gidan Baturen nan Hanns Vischer, sannan tun 2001 akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda masu shirya fim ke bi ta hannunta.

Ayyana masallaci a matsayin abin tarihi na ƙasa yana haifar da masu iko biyu a kan gini ɗaya. Hukuma tana kallonsa a matsayin shaidar fasahar magina, wato yadda aka jera tubali, aka ɗaure rufi da azara, wadda itacen giginya ce da ake tsagawa saboda gara ba ta cin ta, aka kuma shafe bango da makuba don kare shi daga ruwa. Liman da jama'ar gari kuwa suna kallonsa a matsayin ɗakin Allah da kakanninsu suka gina. Takardar da aka sa wa hannu a Abuja ko Kano tana iya halatta wa mutum auna bango da ɗaukarsa, amma ba ta ba shi damar tsayawa gaban sahu ko shiga da takalmi ko hawa soro ya leƙa gidajen maƙwabta. Abin da ya faru a Jenne ta ƙasar Mali ya nuna tsadar raina wannan iko na biyu, domin bayanin da aka fi yaɗawa game da rufe babban masallacin ƙasa na garin ga waɗanda ba Musulmi ba shi ne hotunan tallar tufafin mata da wata mujallar Turai ta ɗauka a cikinsa a 1996. Hukumomin Saudiyya ma sun sanar da hana ɗaukar hoto a Masallatan Harami biyu a 2017, bisa hujjar kare natsuwar masu ibada. A duka wuraren biyu, halin masu kyamara ne ake cewa ya jawo hanin.

Hanin da ake yi a ɗakunan nuni na gidajen tarihi yana da hujjoji dabam, kuma ba dukkansu ke da ƙarfi ɗaya ba. Hujjar cewa haske yana dusar da launi gaskiya ce ga rubuce-rubucen hannu da tufafin rini da fatu, amma ba ta shafi tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni da ke Gidan Makama ko tukwane ko makamai ba, kuma maganinta hana walƙiyar kyamara ne kawai. Hujjar kuɗin shiga tana da gurbinta, tunda gidajen suna fama da ƙarancin kuɗi, kuma a duniya an san wuraren da haninsu ya samo asali daga yarjejeniyar kasuwanci, kamar ɗakin ibada na Sistin a fadar Fafaroma, inda wani gidan talabijin na Japan ya biya kuɗin gyara a shekarun 1980 aka ba shi keɓantaccen haƙƙin ɗauka. Hujjar da ta fi yaɗuwa a Nijeriya ita ce tsoron ɓarayi, kuma tsoron yana da tushe, domin an yi sata a gidan tarihi na Jos a 1987 da na Ile-Ife a 1993 da 1994, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000, wanda ya haɗa da gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina. Amma darasin da masana suka ɗauka daga irin waɗannan sace-sace ya saɓa wa hanin, domin ƙa'idar tantance kayan tarihi da aka amince da ita tsakanin ƙasashe a 1997 ta sa hoto a matsayin sharaɗi na farko. Abin da aka sace ba shi da hoto, da wuya a tabbatar a kotun waje cewa daga nan ya fito. Masar, wadda ta daɗe tana karɓar kuɗin kyamara, ta buɗe ɗaukar hoto da waya kyauta a gidajen tarihinta a 2019.

Ga ginin ƙasa, buƙatar hoto ta fi haka gaggawa. Bangon ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen shekara-shekara, kuma idan aka daina yaɓe damuna kaɗan sun isa su zubar da shi, idan kuma gari ya samu wadata yakan rushe shi da hannunsa ya sa bulo da kwano. Tsohon masallacin Juma'a na Kano mai hasumiyar ƙasa an maye gurbinsa da sabon gini a farkon shekarun 1950, kuma siffarsa ta rage ne a hotuna. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin maginin nan Babban Gwani na wajen shekarun 1830, an lulluɓe abin da ya rage na bakan gizonsa cikin ginin zamani a shekarun 1970, kuma sanin yadda farfajiyarsa da ƙofofinsa suke a da ya dogara ne da awo da hotunan masana irin su Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, wanda ya zagaya Nijeriya yana auna gine-ginen gargajiya, aka buga aikinsa a mujalladi uku a 1990. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya aka sake gina wata, duk da cewa ganuwar Kano ta shiga jerin share fage na wuraren tarihin duniya na UNESCO tun 2007. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a duk waɗannan wurare ganin da ya rage wa jikoki shi ne wanda wani ya ɗauka kafin a rushe.

A Burumburum da sauran garuruwan yankin da ba su cikin kowane jeri, babu tikiti kuma babu ma'aikacin hukuma a bakin ƙofa, don haka izini yana bin tsohuwar hanyarsa. Baƙo yakan fara da mai unguwa ko dagaci, a kai shi ko a aika da labarinsa ga hakimi, a haɗa shi da ɗan rakiya wanda ya san gonar da ke kan kufai da gidan da ke da alhakin kabari da tsohon da ke riƙe da labarin. Mai bincike da ya zo da takarda daga jami'a ko daga majalisar masarauta yakan samu sauƙi, ko da yake inda ake neman takardar ya sauya sau biyu cikin shekaru biyar, tunda dokar 2019 ta sa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ƙarƙashin masarautar Rano, dokar 2024 kuma ta mai da su Kano. Wannan hanya tana da jinkiri, kuma ta dogara da fuskar mutum da wanda ya gabatar da shi, amma tana da wata fa'ida da takardar ofis ba ta da ita, wato hoton yakan fito tare da sunan wurin da labarinsa daga bakin masu shi. Tambayar da dattawa ke yi, ta ina za a kai hoton kuma me za a yi da shi, tambaya ce ta gaskiya, domin a ƙasar da rikicin iyakar gona da na sarauta ke kaiwa kotu, hoton kufai ko kabari yana iya zama hujja a hannun wani ɓangare.

Tsaro ya ƙara wani mataki a kudancin yankin. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta ɗaukar hoto ko zanen wuraren tsaro, kuma dajin Falgore, wanda ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya zama wurin atisayen sojoji tun 2017 sakamakon fashi da satar shanu da garkuwa da mutane, sannan a 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa. Mai nufin zuwa Riruwai don ɗaukar tsofaffin ramukan haƙar kuza, ko mai tsayawa a madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, yana buƙatar sanin cewa jami'in da ke shingen hanya ba ya aiki da dokar kayan tarihi. Ƙaramin jirgi maras matuƙi, wanda shi ne mafi dacewa da gano layin tsohuwar ganuwa a cikin gonaki, ya shiga ƙarƙashin ƙa'idar da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta sanar a 2016, wadda ta wajabta izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ko an samu waɗannan takardu, jirgin yana ganin tsakar gida kamar yadda na Mittelholzer ya gani, kuma wannan haƙƙi ne na masu gidajen da babu hukumar da za ta yafe shi a madadinsu.

Wayar hannu ta sa kusan kowane matashi a Bebeji da Tudun Wada ya zama mai hoto, kuma hawan sallah da mauludi da naɗin sarauta suna hawa Facebook kafin taro ya watse. Sakamakon haka, nauyin neman izini ya koma kan mai binciken da ya zo da takarda da ma'auni, wanda aikinsa ne ya fi amfanar wurin, yayin da dubban hotunan waya ke yawo babu kwanan wata babu sunan wuri, kuma suna ɓacewa da lalacewar wayar. Giɓin da ya fi girma a tsarin izini tun 1903 shi ne ba a cika sharɗanta wa mai ɗauka ya bar kwafi a garin da ya ɗauka ba. Ɗakin karatu na jami'ar kimiyya ta Zurik ya sa hotunan Mittelholzer a intanet kowa na iya saukewa, amma hotunan jami'an mulkin mallaka da na masu bincike na baya suna warwatse a ɗakunan ajiya na Ingila da Amurka da Kaduna, da yawansu ba a rubuta musu komai ba sai sunan lardi. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da Gidan Arewa na Kaduna da Jami'ar Bayero duk suna da hurumin karɓar irin wannan ajiya, kuma ofishin hakimi a Bebeji ko Tudun Wada yana iya riƙe kwafi na biyu, tare da sunan wurin da ranar ɗauka da sunan wanda ya ba da izini da abin da aka amince a yi da hoton.